Zumunta a Ƙafa Take: Tambayoyinku kan Gudun Karɓa-karɓa a Legas

Assalamu alaikum, masu karatu. Yawancin saƙonnin da suka shigo filin nan a wannan watan daga Legas suke, kuma a kan abu ɗaya: gudun famfalaki na karɓa-karɓa, inda abokai ke yanka doguwar hanya zango-zango, wannan ya gama nasa ya miƙa wa wancan. Mun taƙaita tambayoyin. Masu horar da 'yan gudu da ke kula da filin, tare da ma'aikacin lafiyar 'yan wasa, su suka amsa.

Mu takwas ne a Agege, yawancinmu teloli da yaran shago. Kusan shekara guda muna fita gudu bayan sallar Asuba. Babu wanda zai iya kilomita 42 shi kaɗai, amma muna so mu haɗu mu cinye ta. Yaya ake rabon?
*Wani tela, Agege*

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara haɗa kanku. Akwai rabon da duniya ta saba da shi. Tsawon gudun famfalaki kilomita 42.195 ne, kuma ana raba shi gida shida: 5, 10, 5, 10, 5, na ƙarshe 7.195. A Japan wannan wasa ya fi kafuwa, suna ce masa ekiden. Sun fara shi tun 1917 da gudun fiye da kilomita 500 daga Kyoto zuwa Tokyo, har yau kuma ranakun 2 da 3 ga Janairu ƙasar kan zuba ido kan gasar Hakone, inda ɗaliban jami'a goma-goma ke raba kusan kilomita 217.

Amma ku takwas ne, kuma lissafi ya yi muku daidai. Mutum bakwai su ɗauki kilomita biyar-biyar, 35 ke nan, na takwas ya ɗauki 7.195. A karon farko wannan muka fi so muku, domin babu wanda zai koma ɗan kallo, babu kuma wanda aka ɗora wa goma bai shirya ba.

Kada ku yi rabo da fatar baki. Kowa in aka tambaye shi zai ce yana cinye biyar cikin minti 25, wani don kunya, wani don bai taɓa aunawa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku sa rana, makonni takwas kafin gudun, ku je inda aka san tsawonsa. Filin tsere irin na Teslim Balogun da ke Surulere zagaye ɗaya mita 400 ne a layin ciki, don haka kilomita biyar zagaye 12 da rabi ne. Ku nemi izinin masu kula da filin tukuna. In ya yi muku nisa, ku auna layi mai shiru a unguwa da manhajar waya, ku maimaita awon da wayoyi biyu. Kowa ya yi gudunsa, a rubuta lokacinsa a takarda a gaban kowa. Mai zangon ƙarshe a ninka lokacinsa sau ɗaya da rabi: in ya yi biyar a minti 25, ku sa masa 38.

Sai jeri. A wasu ƙasashe ana buɗewa da gwani a rufe da gwani. A Legas rana ce ke tsara jeri. Wanda ya fi kowa nawa shi zai fi daɗewa a kan titi, saboda haka shi ya kamata ya samu sanyin safiya. Masu ƙarfi su karɓi ƙarfe tara zuwa goma, lokacin da kwalta ta fara hura wuta. Misali, a ce lokutanku minti 35, 34, 32, 31, 30, 28, 26 da 38 ne, kuka tashi ƙarfe 6:00. Za a riƙa miƙawa da 6:35, 7:09, 7:41, 8:12, 8:42, 9:10 da 9:36, a gama da 10:14. Ku rubuta wannan jadawali, kowa ya ɗauki hotonsa a waya, kuma kowa ya kasance a mazauninsa minti 20 kafin lokacinsa, don abokinka na iya yin abin da ya fi na ranar gwaji.

Ga inda masu gudun Asuba suka fi faɗawa. Duk shekarar nan jikinku sanyin safiya ya sani. Mutum uku na ƙarshe ba su taɓa ɗanɗana gudu a ranar ƙarfe tara ba. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka a makonni uku na ƙarshe su mayar da wasu fitowarsu zuwa daidai sa'ar da za su karɓa, su fara da minti 15 a hankali suna ƙarawa. Fita uku ko huɗu a mako ta isa, ɗaya daga ciki kuma ta zama ta kowa da kowa, a tafi da saurin na baya. A wannan fitar ce za ka san numfashin abokinka, ka gane lokacin da yake lafiya da lokacin da yake daurewa kawai.

Mun yi niyyar tashi daga Mile 12, mu bi ta Ojota mu hau gadar Third Mainland, mu ƙare a Obalende. Mun yi magana da mai danfo zai riƙa sauke mu yana kwasa. Me kuka gani?
*Wani ɗan kasuwar gwari, Mile 12*

Malam, ku bar wannan hanya. Gaskiya ne 'yan gasar Lagos City Marathon, wadda aka fara a 2016, sun sha ratsa gadar, amma a ranar gwamnati ke rufe tituna, a baza jami'ai da motocin asibiti. Ku ba za a rufe muku ba. Gadar ta kusa kilomita 12, ba inuwa, ba wurin da mota za ta tsaya lafiya a sauke mutum, motoci kuma a guje suke.

Batun danfo ma akwai matsala. A Amurka akwai gasar Hood to Coast, mutum 12 na raba fiye da kilomita 300 zango 36, motoci biyu na tsallake su zuwa gaba. Wannan yana yiwuwa ne inda mota ta fi ƙafa sauri. A Legas gosulo ɗaya a Ketu ya isa mai gudu ya riga motarsa isa mahaɗa. Sai ya iso numfashi sama-sama, ya ɗaga hannu, ba wanda zai karɓa. Duk wanda ya taɓa tsayawa haka minti goma yana waige-waige, zufa na sanyi a jikinsa, ba ya mantawa, kuma daga nan ake fara nuna wa juna yatsa. Achaɓa ma kada ku dogara da shi, an hana shi manyan tituna da gadoji da ƙananan hukumomi da dama.

Ku nemi da'ira. Hanya mai kilomita biyu da rabi da ke dawowa inda ta fara, a cikin rukunin gidaje ko harabar makaranta, kowa ya zagaya sau biyu. Mahaɗa ɗaya, kula ɗaya ta ruwa, tabarma ɗaya. Amfaninta da ya fi komai shi ne kowa yana ganin kowa: mai gudu zai wuce ta gaban 'yan'uwansa a tsakiyar zangonsa, su kira sunansa, su duba fuskarsa. In filin tsere kuka samu, tafiyar duka zagaye 105 da rabi ce. Na farko ya tashi daga ɗaya gefen filin ya yi 12 da rabi, shida na tsakiya su yi 13 da 12 bi da bi, na ƙarshe ya yi 18. Kada mai gudu ya ƙirga wa kansa, gajiya tana cinye lissafi. A sa mutum ɗaya da ƙwallayen dabino daidai adadin zagayen, duk wucewa ya jefa ɗaya a gwangwani.

Safiyar Lahadi ta fi sauƙin motoci. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ku sanar da Sarkin Hausawan yankinku da shugabannin unguwar da za ku bi, ku leƙa ofishin 'yan sanda mafi kusa. In kuwa za ku tsallaka babban titi, sai da sanin LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas. A kan titi ku riƙe hannun hagu kuna fuskantar motoci, amma ku riƙa waigawa, don masu bin hannun da ba nasu ba suna da yawa. Ba shiga layin manyan motocin bas na BRT, ba abin sauraro a kunne. Ƙarfe shida a Legas gari bai gama wayewa ba, sai mai zangon farko ya sa riga mai ƙyalli, kuma a bi hanyar da rana tun jajibiri a lura da kwatocin da ba su da murfi.

Sanda ake miƙawa ko me? Kuma yaya ake miƙawar?
*Wani ɗalibi, Sabo, Ikorodu*

Sanda ta gajeren tsere ce. Riƙe ta na rabin awa yana ƙage kafaɗa, tafin hannu kuma in ya jiƙe sai ta suɓuce. A dogon gudu ɗamara ake ratayawa, daga kafaɗa ɗaya zuwa ƙarƙashin ɗaya hammatar. Kowane tela zai ɗinka ta da ragowar atamfa: tsawo wajen mita ɗaya da santimita 70, faɗi santimita 6. Ku rubuta sunayenku duka a jiki. Kafin ta kai hannun na ƙarshe ta jiƙe sharkaf da zufar mutum bakwai, kuma wanda ya rataya ta a haka ya san ba nasa kaɗai yake ɗauke da shi ba.

A ja layi a ƙasa da alli, a ja wani mita 10 kafinsa, wani mita 10 bayansa. A cikin waɗannan mita 20 ake miƙawa. Mai zuwa ya cire ɗamarar tun saura mita 100, ya naɗe a hannu, in ya matso ya ware ta tsakanin hannuwansa biyu daidai ƙirji. Mai karɓa ya cafki tsakiya, ya fara tafiya, sannan ya rataya, ya cusa jelar a wando don kada ta riƙa dukan cinya. Ku gwada wannan sau biyar ko shida a wurin atisaye.

Abu uku ke ɓata miƙawa. Mai karɓa ya tafi bayi daidai lokacin. Maganinsa a tsayar da mutum mita 300 kafin mahaɗa da usur, yana hango naku ya busa. Ko ya ɗumama jiki tun da wuri har ya huce. Minti 10 na sassarfa, a gama saura minti biyar, ya wadatar. Na ukun ya fi yawa: ihun 'yan'uwa ya ɗebe shi, ya fita kamar an harba kibiya, kilomita biyu ƙafa ta mutu. Kilomita ta farko ta zama mafi sanyi a zangonka. Sannan a ware mutum ɗaya da aikinsa tarbar wanda ya gama: ya riƙe shi, ya taka da shi minti biyar a inuwa kafin ya zauna, ya miƙa masa ruwa.

Ni ne kyaftin. Za mu kara da samarin wata unguwa. A cikinmu akwai wanda shi ya fara tara mu, shi ke buga mana waya da Asuba, amma yanzu ya fi kowa nawa. Wasu sun ce a ajiye shi a ɗauko wani yaro mai sauri daga waje. Raina bai kwanta ba.
*Wani ɗan canji, Obalende*

Yallaɓai, rashin kwanciyar ran nan ka saurare shi. Amma mu fara da lissafi, don masu cewa a ajiye shi ba su yi ba. A ce shi yana cinye zangonsa a minti 35, yaron waje a minti 28. Bambancin minti bakwai ne a cikin tafiyar da ta haura awa huɗu. Miƙawa ɗaya da ta lalace, ko gwani ɗaya da ya fita da gaggawa ya ƙare da tafiyar ƙasa, tana cin fiye da haka. Yaron waje kuwa ba ku san shi ba. Ba ku san ko zai zo a kan lokaci ba, ba ku san yadda yake in rana ta buge shi ba, kuma ba shi da dalilin da zai daure muku. Abokinku kun san abin da zai ba ku, har minti.

Kuskuren ya faru tun baya, lokacin da kuka karɓi karawar ba ku zauna kun yanke abin da kuke nema ba. Tawagar da ta ce kofi take so tana da haƙƙin zaɓar masu sauri, amma sai an faɗi ƙa'idar kafin ranar gwaji, kowa ya ji, kowa ya yarda, har da wanda ƙa'idar za ta iya fitarwa. A gwada mutum, a ga lokacinsa, sannan a ƙirƙiro dokar da za ta cire shi, wannan cin fuska ne ko da ba a yi niyya ba. Kuma sauran suna kallo. Kowa zai lissafa cewa ranar da gwiwarsa ta yi ciwo haka za a yi masa, daga nan sai a fara ɓoye ciwo da ƙarya kan lokaci.

Akwai hanyoyi da ba sai an ajiye kowa ba. Ka kira kyaftin ɗin ɗaya ɓangaren ku amince kowace tawaga ta sami gajeren zango ɗaya na kilomita uku, a ƙara biyun a kan masu ƙarfi; su ma da wuya a ce ba su da irin nasu. Ko ku yi gasar cika alkawari: kowace tawaga ta rubuta lokacin da take sa ran gamawa, a rufe a ambulan, a karɓe agogo da waya daga masu gudu, wadda ta fi kusa da abin da ta rubuta ita ta ci. A irin wannan gasa, mutumin da ya san saurinsa bai taɓa saɓawa ba ya fi gwani daraja. Ko kuwa in kun yi yawa ku fitar da tawaga biyu, amma a raba su daidai ƙarfi, kada a yi ta gwanaye da ta saura.

A makonnin da suka rage, wanda ya fi ku sauri ya riƙa fita da shi sau ɗaya a mako, yana gefensa, ba gabansa ba. Su yi minti uku da ɗan ƙarfi, minti biyu a hankali, sau biyar ko shida. Mai nawa ya fi kowa saurin samun ci gaba, don yana da sarari.

Shi ma akwai abin da ke kansa: ya zo atisaye, ya faɗi gaskiyar jikinsa, ya karɓi zangon da aka ba shi ba tare da jin an rage masa girma ba. In da a ce ba ya zuwa ne, amsarmu da ta bambanta. Kuma duk yadda kuka yanke, kada maganar ta fito a zauren WhatsApp. Ka taka ƙafa ka same shi, ku biyu, bayan sallah. Mutumin da ya shekara yana tashin ku da Asuba ya cancanci wannan.

Mu malaman makaranta ne mata, mu shida, muna so mu yi namu a filin makarantarmu. Damuwarmu zafi da sutura, da abin da za mu ci mu sha.
*Wata malama, Idi-Araba*

Malama, madalla. Filin makaranta mai katanga ya dace, kuma ba dole sai 42 ba. Ku fara da rabi, kilomita 21, kowace ta ɗauki uku da rabi, ku gama kafin tara.

Zafin Legas daban yake da na Kano ko Sakkwato. A Arewa iska busasshiya ce, zufa na fita tana bushewa, bushewar ce ke sanyaya jiki. A nan iska cike take da laima, zufa sai ta yi ta zuba ba ta bushewa, ruwan jiki na ƙarewa amma zafin na nan. Shi ya sa wanda ya zo daga gida kwanan nan bai kamata a ba shi zangon rana ba, ko da gwani ne a can. Sutura ta zama mara nauyi, mai haske, sakakkiya: doguwar riga zuwa gwiwa, wando, da ƙaramin hijabi mai kama fuska wanda ba ya kaɗawa. Yadin kayan ƙwallo ya fi auduga, don auduga tana shan zufa ta yi nauyi ta goge fata. A shafa basilin a hammata da tsakanin cinyoyi da yatsun ƙafa. Takalmi da safa kuwa waɗanda aka saba da su. Ba a fafe gora ranar tafiya, sabon kambas bororo yake kawowa.

Ruwa: leda ɗaya, wato rabin lita, awa biyu kafin zangonki, sai 'yan kurɓa kafin karɓa. Gudun da bai wuce rabin awa ba ba ya bukatar a riƙa ɗurawa a hanya, kurɓa biyu da zuba saura a ka ya isa. Bayan an gama ne ake mayar da abin da ya fita. Don sanin nawa ne, ki hau sikeli kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce. Kuma zufa da gishiri take fita, don haka ruwa zalla da yawa fiye da kima shi ma yana da haɗari. Ku haɗa ruwan gishiri da sukari: ledar ruwa biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko ku sayi na sacet a kemis.

Abinci awa biyu zuwa uku kafin gudu, mara mai, mara yaji: koko, burodi da shayi, ayaba. Ƙosai da wake da taliya mai manja a bar su sai an gama. Masu jiran zangon baya su riƙe dabino uku ko huɗu, kada yunwa ta riske su a tabarma. Bayan gudu fura da nono ta yi.

Kowace a cikinku ta san alamun bugun zafi, domin wadda abin ya kama ba ta sanin ya kama ta. Tangaɗi, magana ba kan gado, rashin gane mutane, faɗa ba dalili, amai. Kada ku jira zufa ta ɗauke, mai gudu na iya kasancewa jiƙe sharkaf alhali tana cikin haɗari. A tsayar da ita ko tana gardama, a kai inuwa, a sassauta kaya, a yi ta kwarara ruwan ƙanƙara a jiki duka, a sa tawul mai sanyi a wuya da hammata da matsematsi ana canzawa, ana fifita. Sanyayawa ake fara yi nan take, wata kuma na kiran 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas. In ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki. Saboda wannan, kula biyu za ku tanada, ɗaya ta sha, ɗaya ta ƙanƙara da tawul wadda ba mai taɓawa.

Kuɗin ruwa da riguna da mota kullum a kan mutum biyu yake faɗawa. An fara gunaguni.
*Wani direban tirela, Apapa*

Ku rubuta duk abin da za a saya da farashinsa kafin a kashe ko sisi, a raba daidai, a tara mako-mako kamar adashi. Ma'aji daban, kyaftin daban, kuma a karanta lissafi a gaban kowa bayan an gama. Wanda ba shi da hali ya sanar da ma'aji a asirce, a ɗauke masa, shi kuma ya riƙe wani aiki kamar awon hanya ko ɗauko ƙanƙara. In kuɗi ya gaza, riguna iri ɗaya ake fara yafewa, ba ƙanƙara ba.

Za a iya yi da azumi?
*Wani mai shayi, Ijora*

Da rana, a'a. A ɗage zuwa bayan Sallah da mako biyu ko uku. Atisaye mara nauyi bayan Tarawihi ya isa ya riƙe muku jiki.

Ɗana yana cikin irin wannan tawaga. Saura kwana uku zazzaɓi ya kama shi. Na ji abokansa na ce masa kada ya ba su kunya, har wani ya kawo masa ƙwayoyi wai za su riƙe shi. Na hana, yana fushi da ni. Na yi daidai?
*Wani dattijo, Alaba Rago*

Baba, ka yi daidai, Allah ya saka da alheri. Mai zazzaɓi ba ya gudu. Jikinsa ya riga ya yi zafi, ruwansa ya ragu, in maleriya ce jininsa ma ya ragu, sannan a ɗora masa ranar Legas. A kai shi a gwada jini, ya sha magani ya kammala, ya huta, sai ƙarfinsa ya dawo likita ya sallame shi, sannan ya koma da sassarfa.

Ƙwayoyin kuwa su suka fi tayar mana da hankali. In tramadol ce, tana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, tana kawo jiri, tana iya kawo farfaɗiya, ga kama mutum da take yi. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun farkon 2024. In irin su ibuprofen da diclofenac ne, shan su kafin dogon gudu cikin zafi yana iya taɓa ƙoda. Muna ƙara jan hankalin duk wanda jininsa AS ne, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, ya sanar da abokansa, ya ƙara kiyaye zafi da ƙishirwa, ya tsaya da zarar ƙafafu sun saki ba dalili.

Yaran ba mugunta suke yi ba, Baba. Ba su tanadi mafita ba ne, shi ya sa rashin mutum ɗaya ya zame musu kamar rushewar komai. Ka kira kyaftin ɗinsu ka ba shi waɗannan ƙa'idoji, su amince da su tun kafin ranar. Kowace tawaga ta sami ɗan ko-ta-kwana da ya yi atisaye tare da su. In babu, mutum biyu masu ƙarfi su raba zangon wanda bai samu zuwa ba. In wani ya kasa a tsakiyar hanya, ya tsaya inda yake, na gaba ya je ya karɓi ɗamarar a wurin ya ƙarasa masa, ba tambaya, ba tsegumi daga baya. Mutum ɗaya a kan keke ya riƙa bin mai gudu da ruwa da waya, kuma a ba shi ikon cewa ya isa, maganarsa ta zama yanke. Ko a gasar Hakone, da duk tsananinta, in tawaga ta yi nisa a baya sosai ana sakin mai jira ya tafi da wata ɗamarar, kuma mai horarwa yana da ikon tsayar da ɗan wasansa in ya ga jikinsa ya gaza.

Ɗanka kuma kada a bar shi a gida yana cizon yatsa. In zazzaɓin ya sauka kafin ranar, ya je ya zauna a inuwa, a ba shi takardar jadawali da biro. Shi zai rubuta lokacin kowa, shi zai gaya wa mai jira saura minti nawa ya tashi ya ɗumama jiki. Sunansa ya zauna a jikin ɗamarar yadda yake.